Daga aron kaset zuwa aron lambar sirri: tarihin wasan gem a Zangon Agege



A zaman sulhun da muka yi watan jiya an kawo mana wata ƙara da ba mu taɓa jin irinta ba. Magidanta biyu ne maƙwabta, katanga ɗaya ta raba su, 'ya'yansu samari suka haɗa kuɗi suna sayen wasannin PlayStation a asusu ɗaya. Da saɓani ya shiga tsakanin yaran, wanda aka buɗe asusun da imel ɗinsa ya canza lambar sirri, ya cire na'urar abokinsa. Abokin ya wayi gari kowane wasa da hoton ɗan kwaɗo a kansa. Dattawa suka ce a kawo kayan a raba. Aka ce babu kayan da za a kawo. Wani dattijo ya tambaya har sau uku: "To, me aka saya ke nan?"

Wannan tambayar ce ta sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda abin ya faro a unguwarmu.

Aro ba baƙon abu ba ne a Zango. Goro da shanu ne suka kawo kakanninmu Agege, musamman bayan da aka buɗe layin dogo daga Ikko har Kano a 1912, kuma fataucin nan da amana aka yi shi: baƙo ya sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki da tabarma, ya bar kayansa ajiya ya tafi. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun gaji wannan ɗabi'a, muka ɗora ta a kan abin da ya dame mu a lokacin, wato gem.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urarsa ta Famicom a 1983, amma abin da ya iso hannunmu yawanci kwaikwayonta ne daga Taiwan da China, da kaset ɗinsa ruwan ɗorawa. A jikin kaset a rubuta wasa dubu tara da ɗoriya ne a ciki, in ka kunna ka tarar Super Mario da Contra da wasu 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. In ya ƙi kamawa a zare, a hura masa iska da baki, a mayar. Gida ɗaya ko biyu ne ke da na'urar a layi guda, don haka kaset ya riƙa yawo. Dokokin aron kuwa kowa ya san su ba tare da an rubuta ba. Ka ba ni naka in ba ka nawa, ranar Juma'a bayan masallaci a mayar. Wanda ya ɓatar ya biya. Wanda ya ara ya arar wa wani ba da izini ba, ya fita daga sahu. Mai kaset yakan rubuta sunansa da biro a baya, in rigima ta tashi a juya a duba.

Daga baya muka gane ashe abin da malamanmu ke karantarwa ne a Risala, a babin da ya haɗa kyauta da jingina da aro da ajiya: wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, shi ke da lamuninsa in ya ce ya ɓata. Muna aiki da fiƙihu ba mu sani ba, alhali sau da yawa daga makarantar allon muke sulalewa zuwa wajen gem ɗin, bulala kuma na jiran mu.

Sai zamanin gidan gem. Shago ne ɗan ƙarami, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, da janareta don in NEPA ta ɗauke wuta. Sega da Mortal Kombat suka fara cika shi, kafin PlayStation, wadda ta fito a Japan a 1994, ta iso mana wajen ƙarshen shekarun. PlayStation 2 ta biyo a 2000, Winning Eleven ya zama sarki. Wanda aka ci shi ke biya, kuma shi ke miƙa hannun gem ga na gaba. A waɗannan bencina ne da yawanmu muka goge Yarabancinmu, abokanmu Yarabawa kuma suka koyi baƙar magana da Hausa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata mu faɗa: yawancin faya-fayan nan na jabu ne. Daga kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja ake sarin su, a kai na'ura a saka mata wani ɗan ƙarfe don ta karanta su. Arhar da ta sa aro ya yi sauƙi ke nan. Faifai ya karce, a sayi wani. Abin da ba a bayarwa aro shi ne katin ajiya, domin a ciki ƙungiyar da ka yi wata uku kana ginawa take. Da wayar salula ta zo a 2001, daga baya kuma Bluetooth da Xender, sai aron ma ya tashi daga aro, domin ka ba wa mutum wasa kuma naka na nan.

Shekarar 2013 ce mararraba. A shekarar Microsoft ta sanar da Xbox One da ƙa'idojin da za su taƙaita bayar da faifai aro ko sayar da shi. Sony ta mayar da martani da wani ɗan gajeren bidiyo: manyan jami'anta biyu, ɗaya ya miƙa wa ɗaya faifai, shi ke nan an koya wa duniya yadda ake aro. Aka yi ta dariya, Microsoft ta janye cikin 'yan kwanaki. Amma shekara bakwai bayan haka, a 2020, Sony ɗin da kanta ta fitar da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya ba ta da ko wurin saka faifai.

Yanzu wasa saukewa ake yi ta intanet, yana manne da asusun wanda ya biya. A PlayStation, mai asusu na iya naɗa na'ura ɗaya ta zama babbar na'urarsa, duk wanda ke kanta ya buga wasanninsa, shi kuma ya shiga asusun a wata na'urar. Sayayya ɗaya, gida biyu. Ta wannan ƙofar yaranmu suke bi, sai dai dole ɗaya ya ba ɗaya lambar sirri, abin da ƙa'idar kamfanin ta hana. Ba za mu ga laifinsu sosai ba. Sabon babban wasa dala 70 ne, wato wajen naira dubu 100, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne. Ga shi kantin PlayStation ba shi da reshen Najeriya, sai yaro ya rubuta cewa a Amurka ko Ingila yake zaune, ya sayi katin kuɗi na can. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira ke iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai dillalai suka samu kasuwa. Ranar da asusu ya samu matsala, da wane adireshi za ka kai kuka?

Masu buga wasa a kwamfuta tsarinsu ya fi tsafta. Steam ta fara barin a raba wasanni tun 2014, sannan a Satumbar 2024 ta kawo tsarin iyali: mutum shida, kowa da asusunsa da lambar sirrinsa, uba na iya ƙayyade wa yara lokaci da irin wasan da za su gani. Kwafi ɗaya mutum ɗaya ke buga shi a lokaci guda, kamar kaset ɗinmu na da. Amma wanda ya fita sai an cika shekara daga ranar da ya shiga kafin ya shiga wani iyalin, gurbin da ya bari ma sai ya shekara. In ƙaninka ya yi maguɗi da wasanka aka kore shi, har da kai za a kora. Kuma sun ce don mutanen gida ɗaya aka yi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa shiga gidan Zango ba, inda mata biyu da 'ya'ya goma sha da ɗan ɗan'uwa daga Funtuwa duk tukunya ɗaya suke ci. Nintendo kuwa a 2025 ta dawo da aro na zahiri: ka ba ɗan gidanku wasa na kwana 14, ya dawo da kansa.

Amsar tambayar dattijonmu ita ce izini aka saya, ba kaya ba. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa kantunan intanet su faɗi haka ƙarara, Steam ma ta fara rubuta shi a wurin biya. A shekarar ce Ubisoft ta rufe wasan The Crew, waɗanda suka biya kuɗinsu suka rasa shi ɗungurungum. Kuma a ƙa'idar Steam asusu ba ya komawa hannun wani, ko da ta hanyar wasiyya. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A nan har mai kayan ma aro yake ci.

A ƙarar da ke gabanmu, abin da aka iya yi shi ne aka sa yaran suka buɗe tarihin sayayya, aka lissafa abin da kowa ya zuba. Mahaifin mai asusu ya amince zai biya rabon ɗayan kashi uku, aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Daga yanzu duk 'ya'yan membobi da za su haɗa kuɗi irin haka, muna roƙon a rubuta wa ya ba da nawa, da imel ɗin wa aka buɗe, kuma kada a bar katin bankin uba a manne da asusun.

Saura magana ɗaya da ba mu yanke ba. Wani memba ya tambaya: in mai asusu ya rasu, wasannin da ya kashe wa dubban ɗaruruwa suna shiga gado, ko kuwa? Mun miƙa tambayar ga limamanmu, za a saurari bayaninsu a taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu.