Yadda Najeriya ta buɗe wa baƙi ƙofar harkokin hidima

A 1972 gwamnatin Gowon ta kafa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, wadda ta hana baƙi ƙananan kantuna, jigilar kaya da gidajen silima. Matakin ya taɓa Kwarori 'yan kasuwar Kano.

A 1995 gwamnatin Abacha ta soke tsarin, ta kafa hukumar NIPC. Tun daga nan baƙo na iya mallakar kamfani ɗungurungum, ban da fannoni kamar ƙera makamai, kuma yana da damar fitar da ribarsa waje.

Ta wannan ƙofa MTN ya sayi lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 a 2001. Ta ita kuma Shoprite, wanda ya buɗe reshe a Kano a 2014, ya sayar da kantunansa na Najeriya a 2021.