Daga Midil zuwa Ƙaramar Sakandare: Waiwaye a kan Darasin Ingilishi

Kafin mu yi hukunci a kan manhajar Ingilishi ta ƙaramar sakandare, ya kamata mu waiwayi ajin da ta gada, domin mu ga irin ɗalibin da aka tsara kowace manhaja dominsa.

A wajajen shekarar 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta mayar da makarantun lardi na Arewa makarantun midil. Yaro yakan shafe shekara huɗu a elementare yana koyon karatu da rubutu da lissafi cikin harshen Hausa, sannan a zaɓi ƙalilan su wuce midil. A can yake fuskantar Ingilishi gadan-gadan, kuma akan fara da ajin share fage wanda babban aikinsa shi ne harshen kansa. Ayyukan ba su da yawa: karatu a bayyane, shifta, nahawu, gajeren insha'i, da gyaran furuci. Da yawa daga malaman sun fito ne daga Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta kuma yi suna wajen horar da ɗalibai magana da Ingilishi. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano kuwa a ta Bauci.

Ba mu kawo wannan don yabon zamanin da ya wuce ba. Midil makarantar 'yan tsiraru ce, galibi maza, kusan ɗaya a kowane lardi. Abin lura shi ne, tsarin bai yaudari kansa ba. Ya san yaron da ke zuwa bai iya Ingilishi ba, amma ya iya karatu da rubutu da harshensa, don haka aka ɗora sabon harshe a kan ginin da ya riga ya tsaya.

A shekarun 1950 aka rushe midil, aka raba aikinta tsakanin babbar firamare da sakandaren lardi. Daga baya taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, tsarin 6-3-3-4 kuma ya fara aiki a 1982. Nan aka sami ƙaramar sakandare mai shekara uku, aka kuma shigo da gwaji na yau da kullum, ta yadda jinga da aikin aji suka shiga cikin sakamakon ɗalibi. Manufar ta tanadi a koyar da harshen uwa ko na muhalli a shekaru ukun farko na firamare, daga aji huɗu a koma Ingilishi.

Wannan tanadi shi ya sauya abin da ake tsammani daga ɗalibi. Manhajar ilimin tushe ta shekara tara, wadda Hukumar NERDC ta fitar bayan Dokar UBE ta 2004, ta haɗe harshe da adabi a darasi guda. Ana son ɗan aji ɗaya ya karanta nassi ya amsa tambayoyin auna fahimta, ya rubuta wasiƙar zumunci, ya yi insha'in labari da na siffantawa, ya bambanta wasulan Ingilishi a furuci, ya kuma nazarci zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Kafin jarrabawar ƙarshen aji uku sai ya ƙara da wasiƙar neman aiki ko ta hukuma, da insha'in muhawara, da taƙaitawa. Duk wannan an gina shi ne bisa zaton cewa yaron ya yi shekara uku yana ɗaukar darussa da Ingilishi. Malaman makarantun gwamnati sun san yadda abin yake: malamin firamare yakan karanta jimla da Ingilishi ya yi bayani da Hausa, yaro ya fito bai ƙware a karatun ko ɗaya ba. Ajin share fage kuwa babu shi a jadawali.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare, amma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi. A ganinmu, an yi hakan ba tare da an ba darasin Shirin Ife haƙƙinsa ba, wato gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba.

Mu masu tsara manhajar Hausa muna da abin yi a nan. Fitar da jigon nassi, tsara sakin layi, sa alamomin rubutu da fasalin wasiƙa, dabaru ne da ba su keɓanta da harshe ɗaya ba. Muna ba da shawarar a jera batutuwan darussan biyu ta yadda ɗan aji ɗaya zai rubuta wasiƙarsa da Hausa a zangon farko, kafin malamin Ingilishi ya nemi irinta a zango na biyu.