Fitilar da Ta Miƙe Ƙafafun Yaran Balin

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, yunwa da ƙarancin rana sun bar yaran Balin ta Jamus da ƙashi mai laushi, ƙafafu a lanƙwashe kamar baka. A 1919 likita Kurt Huldschinsky ya riƙa haska su da fitila mai irin hasken ranar da ido ba ya gani, suka warke. Abin ɗaure kai, ya haska hannu ɗaya, ɗayan ma ya yi ƙwari. Ashe fata ce ke haɗa wani sinadari, jini ya zaga da shi.

Shi ne bitamin D, kodayake sunan bai cika dacewa da shi ba, tunda jiki na yin abinsa. Sai wajen 1971 aka tabbatar hanta da ƙoda ke ƙarasa sarrafa shi, sannan ya sa hanji ya tsotsi kalsiyam.