Injin Da Ba Shi Da Fistin

A wani gareji da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, nan cikin Kankiya, akwai wata jar mota ƙirar Mazda RX-8 da ta shafe damina biyu a gindin bishiyar bedi, wato darbejiya. Tamu ce. Mu uku muka haɗa kuɗi muka saye ta, dukkanmu 'yan Kaikai da aikin kwamfuta ya kai birni. Mun same ta da araha ƙwarai, kuma da a ce mun tsaya mun tambayi dalilin arahar, da ba a yi wannan rubutun ba. Da safe tana tashi lafiya lau, amma da zarar ta yi zafi ka kashe ta, to sai ka nemi inuwa ka zauna. Ranar da ogan garejin ya sauke injin ya buɗe, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce mana, “Samari, shekarata talatin ina wannan sana'a. Ina fistin ɗin motar nan?”

Babu shi. Tambayar tasa ce ta sa muka shiga bin tarihin injin.

Kusan duk injin da muka sani, daga na babur zuwa na tirela, fistin ne ke hawa da sauka a cikinsa kamar taɓarya a turmi, sannan a mayar da wannan motsi ya zama juyi. Wani Bajamushe, Felix Wankel, wanda aka haifa a 1902, ya ga wannan zagaye ne. Tunda juyi ake nema, me zai hana a yi injin da tun farko juyawa yake? Bai yi karatun injiniya a jami'a ba, kuma saboda raunin idonsa bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba har ya mutu a 1988. Ya kuma shiga jam'iyyar Nazi tun yana matashi, abin da masu yabonsa ba su cika son ambato ba. Da haɗin gwiwar kamfanin NSU mai ƙera babura, injinsa ya fara tashi ranar 1 ga Fabrairun 1957.

Ga yadda yake. Ka ɗauki wani ƙarfe mai kusurwa uku, mai ɗan tumbi a kowane gefe, ka saka shi cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Yana juyawa kusurwoyinsa uku suna shafar bangon gidan, sai ya raba cikin gida uku. A lokaci guda wani ɗakin na shaƙar iska da fetur, wani na ƙonewa, wani na fitar da hayaƙi. Babu bawul, babu tarkacen da ke buɗe shi da rufe shi. A injin motarmu manyan abubuwan da ke motsi uku ne kacal: majuya biyu da sandar da ke tsakiyarsu. Shi ya sa yake ƙarami, mara nauyi, ba ya jijjiga, kuma yana iya juyi 9,000 a minti ɗaya.

Duniya ta ruɗe a kansa. Kamfanoni suka yi layi suna sayen lasin ƙera shi, har General Motors ta Amurka ta amince da biyan dala miliyan 50 a 1970. Mercedes ta gwada shi, Citroën ta Faransa ta gwada, Suzuki ta saka shi a babur. NSU ta fitar da Ro 80 a 1967, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1968.

Amma duk wannan hikima a kan wani ɗan siririn ƙarfe ta rataya. A bakin kowace kusurwa akwai ɗan ƙarfen da ke toshe tsakanin ɗaki da ɗaki, aikin da ringi ke yi a jikin fistin. A injinmu kaurinsa milimita 2 ne. Shi ke gurzar bango ba hutawa, cikin wuta, kuma da ya cinye iska ta riƙa zurarewa, ƙarfin inji ya tafi. Na Ro 80 ta farko sun riƙa lalacewa tun motar ba ta yi wata tafiyar kirki ba, kamfanin yana canza wa masu saye inji kyauta har aljihunsa ya huje. A 1969 Volkswagen ta haɗiye NSU ta gwama ta da Auto Union, kamfanin da muka sani yau da sunan Audi. Da yawa daga masu Ro 80 suka cire injin suka dasa na Ford mai fistin. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutanen Hiroshima ne suka ƙi sakin abin. Kamfanin Toyo Kogyo, mai ƙera Mazda, ya sayi lasin a 1961, a lokacin da yake tsoron gwamnatin Japan za ta narkar da ƙananan kamfanonin mota cikin manya. Yana buƙatar wani abu nasa na kansa da zai kare shi. A 1963 aka ba injiniya Kenichi Yamamoto ma'aikata 47, aka ce su warware matsalar. Abin da suka tarar shi ne ɗan ƙarfen nan yana karkarwa yana zana wa bangon gidan tabo, tabon da suka laƙaba wa suna yakushin shaiɗan. Kamfanin da kansa yana ba da labarin cewa babu abin da ba su gwada ba, har da ƙashin saniya. Daga ƙarshe suka dace da haɗin sinadarin gawayi da alminiyam, suka fitar da Cosmo Sport a 1967.

Sai ga 1973. Ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Injin Wankel mashayin fetur ne, domin ɗakin ƙonewarsa dogo ne siriri, wuta ba ta cinye man duka. Nan take kasuwarsa ta rushe. General Motors ta jingine shirinta. Citroën, wadda ba ta ƙera ko dubu ɗaya na motarta mai wannan inji ba, ta bi masu saye tana karɓewa tana rugurguzawa, don kada ta ɗauki nauyin samar musu da kayan gyara. Mazda kanta da ƙyar ta sha, sai da banki ya tallafe ta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda wannan shekarar ta kasance a gida. Faɗuwar wani tashin wani. Tsadar man da ta karya wancan inji ita ce ta cika baitulmalin Najeriya zamanin Janar Gowon, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975. Iyayenmu suka shiga zamanin 504, motar da aka ci gaba da haɗawa a nan shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Ba don ta fi kowace mota wayo ta daɗe ba. Ta daɗe ne don a kowane gari akwai yaron gareji da ya haddace ta, kuma duk abin da ya lalace a jikinta, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano za ka fito da shi a leda. Inji ya gaji a sauke, a kai bulok wajen masu inji su gyara ramin, a sa fistin da ringi masu ɗan girma, ya dawo sabo. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon: sau nawa muka ga kyakkyawan aiki ya mutu don wanda ya rubuta shi ya tafi, babu mai iya taɓawa, yayin da wani tsohon tarkace ke ta aiki don kowa ya san cikinsa.

Mazda ta ci gaba kusan ita kaɗai, ta mayar da injin na motocin gudu. RX-7 ta fito a 1978, aka sayar da fiye da 800,000. A 1991 motarsu 787B mai majuya huɗu ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karon farko da wani kamfanin Japan ya yi haka, kuma sai a 2018 Toyota ta maimaita. RX-8 ta zo a 2003, dokokin hayaƙi suka kore ta daga Turai a 2010, aka daina ƙera ta a 2012. Daga nan ta bi hanyar da 'yan uwanta ke bi, ta zama 'yar Beljiyam, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas da ragowar shekarunta.

A nan kuwa komai gaba yake yi da ita. Injin da gangan yake tsiyaya bakin mai cikin ɗakin ƙonewa don ya jiƙa ƙananan ƙarafan nan, ke nan dole a riƙa duba mai ana ƙarawa, mu kuma mun saba da cewa injin da ke shan bakin mai ya lalace. Ƙurar hunturu in ta tsallake matatar iska, kai tsaye bangon take gurza. Zafin Afrilu in ya tafasa lagireto sau ɗaya, robobin da ke tare ruwa sun ƙone. Ga fetur, wanda tun cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin lissafi. Mafi muni, bangon gidan an yi masa shafe mai ƙarfi ne tun daga masana'anta, in ya ci tabo ba a gyara shi kamar bulok. Sai dai sabo, daga waje, da dala.

Ogan garejin ya ba mu shawarar da aka ba Jamusawa shekara hamsin da suka wuce: a cire shi a dasa injin Toyota, a huta. Ba mu ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Biyu daga cikinmu sun yarda, ɗaya ya ƙi, ya ce in an yi haka gwangwani kawai muka saya. Muna cikin wannan musu muka ji cewa a 2023 Mazda ta dawo da injin a motarta MX-30, amma ba ya juya taya, janareto ne mai caja batir.

Shi ogan, da ya gama faɗa, bai mayar da injin cikin buhu ba. Ya shimfiɗa tabarma ya jera sassan bi da bi yadda suka fito, ya wanke majuyan da kananzir, ya sa muka nemo masa littafin gyaran a intanet muna fassara masa awo. Gida ɗaya ya ci tabo, ɗayan da sauransa. Cikin ƙananan ƙarafan nan shida, biyu sun karye. Ya zuba su a gwangwanin madara ya ajiye a aljihun teburinsa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce da muka leƙa, mun tarar ya tara yaransa yana juya majuyin da hannu, yana nuna musu inda fetur ke shiga.