Makaɗan Meksiko: Yadda 'Yan Ci-rani Suka Mai Da Kiɗan Ƙauye Dukiya

Ran 25 ga Satumba, 2022, wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Grupo Firme ta yi wasa kyauta a Zocalo, babban dandalin birnin Meksiko. Hukumar birnin ta ce mutum 280,000 ne suka hallara. Mai karatu zai ce, to su wa suka tara wannan jama'a haka? Amsar tana cikin tarihin talakawan ƙasar, musamman waɗanda suka tsallaka Amurka neman abinci.

Asalin kiɗan daga arewacin ƙasar yake. A ƙarni na 19 Turawa, musamman Jamusawa, suka shigo da ƙahonin busa irin na soja da akodiyan, mutanen karkara suka karɓa suka haɗa da nasu. Daga nan aka samu salo biyu: "banda" mai ƙahoni da ganguna, da "norteño" mai akodiyan. A 1938 Cruz Lizarraga ya kafa Banda El Recodo a wani ƙauye kusa da Mazatlan a jihar Sinaloa, kuma bayan rasuwar sa a 1995 'ya'yan sa suka ci gaba da jan ragamar ta. Shekara da shekaru 'yan birni na yi wa kiɗan kallon na 'yan ƙauye da mashaya.

Waɗanda suka sauya lissafin su ne Los Tigres del Norte, wasu 'yan'uwa daga Sinaloa da suka koma San Jose ta jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960. A farkon shekarun 1970 suka fitar da "Contrabando y Traicion", labarin wata mata, Camelia, da ta yi safarar wiwi da saurayin ta, da ya ce zai bar ta sai ta harbe shi ta gudu da kuɗin. Waƙar ta yi farin jinin da har aka mai da ta fim a 1977. Haka aka yi wa "La Jaula de Oro", wato kejin zinare, mai bayanin baƙin haure da ya samu kuɗi a Amurka amma ya rasa 'yanci.

To a nan sirrin yake. Lebura ko mai tsinkar inabi a gonakin Kalifoniya ba shi da jarida, ba shi da wakili a majalisa, amma ran Asabar da dare zai biya kuɗin ƙofa ya ji ana rera damuwar sa da harshen sa. Da wannan kuɗin ƙofar ƙungiyoyin suka tsaya da ƙafafun su, tun gidajen rediyo na birni suna yi masu yanga.

Sannu a hankali aka bar ƙananan zaurukan rawa aka koma filayen wasa. A 2019 Los Tigres suka tara mutum fiye da 75,000 a bikin makiyaya na Houston. A 2021 Los Bukis, ƙungiyar Marco Antonio Solis, suka sake haɗuwa bayan rabuwar shekara 25, suka cika filin SoFi da ke Los Anjalas. A shekarar dai Grupo Firme suka yi dare bakwai suna wasa a Staples Center.

Sai dai fa abin bai rasa ƙaya ba. Waƙoƙin da ke wasa dillalan ƙwaya sun sa wasu jihohi sun kafa doka, har birnin Chihuahua ya ci tarar Los Tigres a 2017. A 2025 kuma Amurka ta soke bizar Los Alegres del Barranco saboda sun haska hoton wani ƙasurgumin dillali a wajen wasa. Tun da mafi tsokar kasuwar tana tsallaken iyaka, ƙungiyar da aka hana biza an toshe mata babbar hanyar cin abinci ke nan.