Arhar Kafanchan: Waɗanda Suka Riga Ni Zuwa Neman Sauƙi



Tun da na tattara nawa-i-nawa na baro Amurka na dawo Kafanchan a ƙarshen shekarar 2022, babu tambayar da aka fi yi mini kamar wannan: "Alhaji, me ka gani a nan har ka baro can?" Amsar da nakan bayar a taƙaice ita ce, arha na biyo. Kuma ba ƙarya na yi ba. Na tafi a 1996 ta hanyar cacar bizar nan da Amurka ke yi duk shekara a lokacin, na tuƙa tasi a Niyok, daga baya na koma aikin ɗakin ajiyar kaya a jihar Ohayo. Da na cika shekara 62, wato mafi ƙarancin shekarun da ake fara karɓar fanshon gwamnati a can, sai na zauna na yi lissafi. Abin da za a riƙa ba ni a wata, da kyar zai biya hayar ɗaki da wuta da inshorar lafiya. Wannan kuɗin kuwa idan aka juya shi zuwa naira, ya ishi mutum da iyalinsa har ya taimaki wani.

Ba ni kaɗai na yi wannan lissafi ba. Amurkawa da yawa idan sun yi ritaya sukan koma ƙasashen da rayuwa ke da sauƙi, irin su Meziko da Kosta Rika da Fotugal da Tailan, wasu Baƙaƙen fatarsu kuma suka nufi Gana, musamman bayan gangamin komawa gida da aka yi a 2019. Wani Bature da muka yi aiki tare ya koma bakin tafkin Chapala a Meziko. Shi ya zaɓi nasa garin ne a taswira. Ni kuwa na dawo inda aka binne cibiyata, sai dai da fasfo biyu a aljihu. Abin da nake son mu duba a wannan karo shi ne, ba ni ne farkon wanda ya zo wannan gari neman sauƙi ba, kuma tarihin waɗanda suka riga ni ya koya mini abin da lissafina bai nuna mini ba.

Kafin jirgi ya iso

Mai karatu ya sani cewa ƙasar nan ba kango aka tarar da ita ba. Sunan Kafanchan kansa daga Fantswam ya samo asali, wato mutanen da ke zaune a wurin tun kafin a yi garin da muka sani. Kewaye da su akwai Bajju da Kagoro da Kaninkon da Atyap da Ham da sauransu, kowa da gonarsa da dutsensa da yarensa. A wannan yanki ne aka tono gumakan yumbun nan na Nok da suka haura shekara dubu biyu, ciki har da wani kai da aka samu a ƙasar Jama'a wanda ya shiga hannun Bernard Fagg a shekarun 1940.

Masarautar Jama'a kuwa an kafa ta ne wajen 1810, a hannun Malam Usman, kuma tana biyayya ga Zazzau. Kafin nan da bayan nan, fatake Hausawa suna ratsa yankin da jakunansu, suna yada zango. Sunan Zangon Kataf ma shaida ne. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: ba ciniki kaɗai ya haɗa kakanninmu da mutanen ƙasar nan ba. An yi hare-haren kamun bayi, an karɓi gandu da ƙarfi, kuma da Turawa suka zo sai suka ɗora ƙabilu da yawa ƙarƙashin hakiman sarakuna. Kagoro da Jaba da Marwa ne suka tsira da sarautunsu na kansu. Mu mun manta da wannan, ko ba a gaya mana ba. Maƙwabtanmu kuwa ba su manta ba, domin kakanninsu sun gaya musu.

Garin da reluwe ta haifa

Kafanchan ta zama gari ne a 1927, lokacin da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos saboda kuzar da ake haƙa a can. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, jirgi ya riƙa wucewa ba tare da an tsallaka Binuwai da fito ba. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan. Daga nan sai mutane suka yi ta kwarara: Inyamurai direbobi da makanikai da akawu, Yarabawa teloli da 'yan kasuwa, Nufawa, Tibi, da mu Hausawa mahauta da masu sayen fatu da masu kanwa da gishiri da goro.

Kakana yana cikin waɗannan. Daga ƙasar Kano ya taso, kuma yadda mahaifina ya ba ni labari, ci-rani ya zo yi na shekara ɗaya. Ya tarar da ruwan sama da yawa, doya da acca da dawa a banza, fili kuwa sai wanda ka iya sharewa bayan ka gaida masu shi. Ya ga abin da yake wahalar samu a gida a nan yana zube, sai ya aika aka kawo masa iyali. Idan aka duba da kyau, lissafin da ya yi a kan buzunsa shi ne wanda na yi a kan kwamfuta bayan shekara kusan casa'in. Bambancin kawai, shi da jaki ya zo, ni da jirgin sama.

Mahaifina a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya. Mun tashi a gari wanda yaro ke jin yare huɗu kafin ya shiga firamare. Ina ɗan shekara shida a 1966 lokacin da aka yi kashe-kashen Inyamurai a Arewa, kuma abin da nake iya tunawa shi ne gidajen layinmu da suka wayi gari a rufe, da abokan wasan da ban sake gani ba. A lokacin ne na fara jin manya suna cewa gidaje sun yi arha.

Amurkawan farko

Akwai kuma wasu baƙin da ba mu cika sa su a lissafi ba. A 1893 wasu samari uku, biyu daga Kanada, Walter Gowans da Rowland Bingham, ɗaya kuma Ba'amurke mai suna Thomas Kent, suka sauka Ikko da nufin shigowa Arewa da aikin mishan. Cikin shekara guda rashin lafiya ya kashe Gowans da Kent. Ƙungiyar da suka fara, wato SIM, ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta zo Kagoro, inda makarantarta ta horar da malaman coci masu yawa. Daga cikinta ne ECWA ta fito a 1954. Bayan samun 'yanci kuma, daga 1961, matasan Peace Corps suka riƙa zuwa Najeriya koyarwa a makarantun sakandare.

Ba sai mutum ya yarda da abin da ya kawo su ba kafin ya lura da abu ɗaya. Waɗannan mutane sun baro ƙasa mai asibiti da lantarki suka zo inda babu, kuma abin da suka fara yi shi ne koyon harshen mutane. Da Hausa suka yi wa'azi da koyarwa, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa har gobe da Hausa ake waƙa a majami'u da yawa na kudancin Kaduna. Ni da aka haifa a nan, kakana ya kwanta a nan, ban iya gaisuwa cikakkiya da yaren Fantswam ko na Bajju ba sai bayan da na dawo da furfura. Wannan abin kunya ne, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a cikinmu.

Daga ina arhar ta fito?

A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 55 take. Ba'amurken da ya zo Najeriya a lokacin, tsada zai gani. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta fara gangarowa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba. A lokaci guda reluwe, wadda ita ce uwar garin, ta riƙa mutuwa tun shekarun 1980, har tashar da muka sani ba ta barci ta koma wurin kiwon awaki. Manoman citta na Kachia da Jaba, waɗanda kuɗinsu ke motsa kasuwanninmu, cuta ta cinye musu gonaki a 2023.

Wata rana muna kasuwa da wani abokina tun na firamare, Kirista ne, tsohon malamin makaranta. Na tambayi kuɗin kaza, aka faɗa, na juya shi zuwa dala a raina, sai bakina ya suɓuce na ce, "Kai, arha!" Ya dube ni ya ce, "Ba'amurke, arha ga wa? Ni rabon gidana da kaza tun Kirsimeti." Bai faɗa da fushi ba, amma daga ranar na daina furta wannan kalma a gaban mutane.

Akwai kuma wata arhar da ta fi wannan nauyi. A ranar 6 ga Maris 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone masallatai da majami'u. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri. A Mayun 1999 aka yi na naɗin Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya fi kowanne muni: ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 a Arewa cikin kwana uku, kuma mafi yawansu a kudancin Kaduna, irin su Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Babbar kasuwarmu ta ƙone. Kowane ɓangare yana da matattunsa da yake lissafawa. Bayan kowane rikici wasu sukan tashi, unguwanni su ƙara rabuwa, kowa ya koma cikin nasa.

Filin da na gina gida a kai, na yi murna da sauƙin kuɗinsa. Sai da aka kai ginin linta na ji cewa mai shi na farko ya sayar ne ya bar unguwar bayan 2011, saboda ba ya iya barci a cikinta. Na biya abin da aka ce in biya, da shaidu da takarda, amma na san ba ƙasa kaɗai na saya ba, har da tsoron wani.

Baƙo ko ɗan gida?

Abin mamaki shi ne, Amurka ta ba ni takardar zama ɗan ƙasa bayan 'yan shekaru da jarrabawa da rantsuwa. A nan kuwa, duk da tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama da mallakar fili a ko'ina, maganar wane ne ɗan asali da wane ne ɗan kaka-gida ba ta mutu ba, kuma ita ke yanke hukunci a kan gurbin karatu da aiki da sarauta. Wannan yana yi mana ciwo, kuma muna da hujja. Su ma maƙwabtanmu suna da tasu: sun daɗe ana mulkarsu daga fadar da ba tasu ba, sai a zamanin Gwamna Makarfi aka ba ƙabilu da yawa sarautunsu. A Maris 2016 wakilan al'ummomin ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, amma kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a ƙauyuka.

Kammalawa

Ga 'yan uwan da ke Amurka ko Ingila suna rubuto mini cewa su ma suna son dawowa, ga abin da na sani. Fanshon Amurka yana iya biyo ɗan ƙasarta har nan. Inshorar tsofaffi ta Medicare kuwa ba ta biyan magani a waje, sai ka tanadi kuɗin asibiti da na tafiya Jos ko Abuja. Hukumar harajinsu ba ta sallamarka don ka ƙaura. A 2023 gwamnatinsu ta sa jihar Kaduna cikin wuraren da take gargaɗin 'yan ƙasarta kada su je, abin da ya sa 'yata, wadda aka haifa a can, har yanzu ba ta kawo mini jikokina ba. Wannan ma kuɗi ne da nake biya, ko da yake ba ya fita daga aljihu.

Idan ka zo, kada ka taya wa ma'aikaci ƙasa da abin da ka san aikinsa ya kai don ka ga yunwa a idonsa. Kada kuma ka watsa dala a kan fili da haya har ɗan gari ya kasa saya. Ka tambayi tarihin filin kafin ka biya. Ka je gaisuwar mutuwa a tsallaken unguwa, ka karɓi abincin Kirsimeti kamar yadda iyayenmu suka karɓa, ka aika da naman layya. Kakana ya zauna lafiya a garin nan har ya rasu, kuma mahaifina ya ce duk shekara sai ya kai wa tsohon da ya ba shi fili goro da gishiri. Ni yanzu nake neman jikokin wannan tsoho. An ce suna nan wajen Fantswam. Duk wanda ya san dattijon da zai iya yi mini jagora, don Allah ya sanar da ni.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.