Jiki Magayi da Ɗan da Bai Gane Gidan Ubansa Ba

A cikin littattafan Hausa na farko da aka buga da boko, babu mai sa tsigar jikin mai karatu ta tashi kamar Jiki Magayi. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Ruwan Bagaja ya zo da raha, Ganɗoki da jaruntaka, shi kuwa wannan ramuwar gayya ya ɗauko.

Abubakar na son Zainab, ita ma tana son sa, sai attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bar gari da ƙullin zuci, ya bi bokaye, ya ratsa daji mai ban tsoro don neman abin da zai rama da shi. Sammun bai faɗa kan Malam Shehu ba. Ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, yaron da bai san hawa ba balle sauka. Ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya shiga duniya. Wani dare ya haura wani gida don sata, ya kashe maigidan, ashe mahaifinsa ne.

Turawa ma suna da labarai masu wannan ɗanɗano, waɗanda suke kira gotik. Sun faro a Ingila a 1764 da littafin Horace Walpole, The Castle of Otranto, inda zaluncin kaka ya biyo jikoki har cikin fadar da aka ƙwace. Su tsohuwar fada da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke jingina tsoronsu. Tafida da East kuwa daji da dare da kayan boka suka ishe su. Amma jijiyar ɗaya ce: laifin da manya suka binne, shi ke tsirowa a kan 'ya'ya.

Mu da muke Zongon Kumasi muna karanta wannan labari da wani ido dabam. Kurmin da mutanen Arewa ke ji a tatsuniya, cikinsa kakanninmu suka kutsa neman goro. Da yawansu sun bi hanyar Gwanja suka zauna Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watse kasuwarta, fatake suka bazu Kete-Krachi da sauran garuruwa. Bayan Ingilishi sun kama Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896, kuma yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya lafa, sai Zongon Kumasi ya cika ya batse. Mun san yadda mutum ke barin gida ya daɗe, har gida ya zame masa baƙo.

Muna kuma da namu gadon alƙalami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi, ya bar waƙoƙi da tarihi cikin Larabci da ajami. Ya rasu a 1934, daidai lokacin da littattafan Zariya ke fitowa. Yau yaranmu na jin Hausa a Aboabo da Sabon Zongo, suna ciniki da ita a kasuwa, amma a makaranta Turanci da Twi suke karantawa. Ajamin Alhaji Umaru ya yi musu nisa, bokon Tafida ma bai matso kusa ba.

Abin da ya halaka gidan Malam Shehu shi ne ɗa ya tsaya gaban ubansa cikin duhu bai shaida shi ba. Littafin ƙarami ne, ana iya gama shi a zama biyu. Duk wanda ke da shi a akwati, ko yake da ɗan'uwa mai zuwa Kano ko Zariya, ya samo shi, ya tara yara bayan sallar isha'i ya karanta musu da babbar murya, sa'an nan ya miƙa wa babbansu ya gwada shafi ɗaya da kansa.